Ranar da Baba Ya Ɗauki Taɓarya

Ina 'yar shekara tara Mama ta kwanta ciwo a gidanmu na haya a Daura. Lokacin kuɗin mai ya shigo, ana ta shimfiɗa kwalta, Baba yana tuƙa tifa, kuma dattijo ne a 'yar cocinmu. Wata safiya na ji ana daka, na leƙo na gan shi a bakin turmi da taɓarya a hannu. Gabana ya faɗi, domin namiji ɗaya na taɓa gani yana daka, shi kuwa matarsa ce ta rasu.

Na ruga ɗaki na taɓa Mama, jikinta zafi rau, amma tana numfashi. Na fito ina kuka na ce, "Baba, mutuwa za ta yi?"

Ya ce, "Ban sani ba, 'yata. Amma a gaban Allah na yi alkawarin riƙe ta, da ciwo da lafiya. Miƙo min rariya."

Matan gidan suna leƙe suna dariya, bai ko ɗaga kai ba. Mako uku yana dama mata kunu kafin ta miƙe, ni kuwa kullum da fargaba nake tashi.