Bencin da Na Kai Jami'a

Ina da shekara arba'in da bakwai na koma aji. Sana'ata kifin banda, shi nake lodawa daga Nguru zuwa kudu, kuma barin makarantar da na yi tun ina saurayi bai taɓa daina cina ba. Sai wata jami'a mai zaman kanta ta buɗe cibiya a garinmu, wai don manya masu sana'a. Karatu Asabar da Lahadi, Lahadin ma sai bayan azahar, don Kiristocin cikinmu su dawo daga coci.

Kiran wurin jami'a ma kara aka yi masa. Tsohon sito ne kusa da tashar jirgin ƙasa, ko abin zama babu. Shugaban cibiyar, wani siririn malami mai zaƙin baki, ya ce kowa ya taimaka da abin da zai iya. Na sa kafinta ya yi mini benci mai kauri, na kifa shi na shafa masa alamar da nake yi wa kwalayen kifina: da'ira da layi biyu, da jan fenti. Sabo ne kawai.

Wata rana malamin ya ja ni gefe ya ce, "Alhaji, kai mutane ke jin maganarka. Kawo mana su, makarantar nan taku ce." Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba. Na bi rumfa rumfa, na kawo malaman firamare, da wani dillalin shanu na Machina, da wata nas 'yar kudu da muke kira Sista. Ita ce ta tsare ni da ido ta ce, "Alhaji, ba za su yar da mu a hanya ba?" Na bugi ƙirji na ce in hakan ta faru ni za ta riƙe.

Makaranta ta bunƙasa. Aka gina babban reshe a Gashua, da bene da ƙofar ƙarfe, aka fara ɗibar yaran da suka gama sakandare. Har mota muka ɗauka muka je bikin buɗewa, muna ta tafi.

Muna shekarar ƙarshe muka tarar da takarda manne a ƙofar sito. An haɗe cibiyarmu da Gashua. Karatu Litinin zuwa Alhamis da safe, wanda ba ya zuwa aji kuma ba zai zauna jarrabawa ba. A makon aka zo da babbar mota aka kwashe duk bencunan. Sista za ta bar marasa lafiya ne, ko malamai su bar ajinsu? Cikin waɗanda na kawo ba wanda ya ɗora mini laifi. Sista ma gaishe ni take yi yadda ta saba, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Na shirya na tafi Gashua in roƙi malamin, wanda yanzu ya zama babba a can, a bar mu mu ƙarasa a Nguru. Mai gadi ya tare ni.

"Baba, ɗanka ka zo gani?"

"Ni ne ɗalibin."

Ya juya katina ya ce na tsohuwar cibiya ne, ya daina aiki. Ya nuna mini wani benci a waje, inda iyaye ke jira.

Na zauna har la'asar. Da motar malamin ta fito, ya sauke gilashi yana fara'a. "Alhaji! Ya kasuwa? Ka rubuto a takarda, za mu duba." Kafin in buɗe baki sun wuce.

Na koma na zauna. Na dafa gefen bencin, sai kaurinsa ya tsaya mini a hannu. Na sunkuya na leƙa ƙarƙashi. Da'ira da layi biyu, fentin ko koɗewa bai yi ba.

Ina nan sunkuye mai gadi ya zo ya ce, "Baba, ɗan tashi, an rufe. Zan shigar da bencin makaranta."

Na tashi na ba shi.