Hancin Baba Tsoho Zai Je Makaranta

Almakashi na hannuna, tsohon soson katifa a cinyata, sai ga kakana Baba Tsoho tsaye a kaina.

Malamarmu ce ta sa ni yi wa 'yan tsanar wasan kwaikwayonmu hanci. Da na zo kan na attajirin albasa mai rowa, hancin Baba Tsoho na kwaikwaya, har da ɗan tudun tsakiya, na rina da lalle. In ransa ya ɓaci, na san Inna ba za ta bari in fita da ɗan tsanar ba.

Ya ɗauki hancin soson ya jujjuya, ya shafa nashi.

"Amarya, hancin wa a wanga?"

Na sunkuyar da kai.

"Mi yas sa kinka rage shi? In za a kai hancina gaban mutanen Wurno, a kai shi cikakke. Ƙara soso!"

Daga ɗaki kakata ta ce, "To ku sawo sabuwar katifa, wagga ba ta isa."

Na ƙara, yanzu ɗan tsanar ko kai ba ya iya ɗagawa. Ku a gidanku hancin wa zai cinye katifa?