Malam Wa-Ya-Faɗa

Shekara ashirin da shida ya yi yana koyar da adabi a sakandare guda, kuma littafi ɗaya ne ya fi shan wahala a hannunsa, wani tsohon wasan kwaikwayo na mai fito da ya tsinci rigar sarki a bakin kogi, ya zura saboda sanyi, fadawa suka gan shi suka zube ƙasa, suka kwashe shi sai fada. Bangon littafin ya daɗe da rabuwa da cikinsa, da roba yake ɗaure su.

Yana da salon koyarwarsa. Zai yanka kwali siriri ya rufe sunayen 'yan wasa da ke gefen shafi, ya karanta layi guda, ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Wa ya faɗa?" Daga nan ɗalibai suka laƙaba masa sunan Malam Wa-Ya-Faɗa, har shugaban makaranta ma wani lokaci bakinsa kan suɓuce.

"Sarkin gaskiya ba ya cewa don Allah kafin a ba shi ruwa," yakan ce musu. "Mai fito kuwa, ko a kan karaga, sai ya ce a yi haƙuri ya dame su. Fadawa riga suka kalla. Ku maganar mutum za ku saurara, ita ba ta sauyawa."

Ya iya aikinsa, ba a musu. Matsalar ita ce ya san ya iya.

Ɗa ɗaya gare shi, makanike, yana zaune da matarsa a wani gari mai tafiyar yini guda. Tun rasuwar mahaifiyar yaron suka yi wata mummunar sa-in-sa a kan barin karatu, ɗan ya faɗi magana mai zafi ya fice. Shekara bakwai ba wanda ya nemi wani. Dama can ɗan ba mai magana ba ne. "To." "Na ji." Iyakarta ke nan, sai ka ce sayen kalmomin yake yi.

Wata safiya Malam yana ofishin malamai yana duba takardun jarrabawa, saƙo ya shigo daga lambar ɗan: "Baba, ina kwana. Yau na tuna ranar da ka koya mini keke, ka sake ni na faɗa kwata kana ta dariya. Don Allah ka yafe mini abin da na faɗa maka. Ina kewarka."

Sau uku ya karanta. A na huɗu ne malamin da ke cikinsa ya farka, ya miƙa wa malamin lissafi wayar, wanda teburinsu ke haɗe.

"Wannan ba ɗana ba ne. Matarsa ce."

"Haba Malam, lambarsa ce fa."

"Lamba ai riga ce. Yaron da ban taɓa jin don Allah a bakinsa ba? Kewa? Shi? Ya ba ta labarin keke dai, ta shirya masa. Ko rubuta mini layi biyu ya fi ƙarfinsa."

Ya mayar da amsa a take: "Ki gaya wa mijinki in yana da magana ya faɗa da bakinsa."

Daga ranar ya fara shiga aji da waya ya ajiye ta kusa da alli, shi da ke ƙwace ta ɗalibai. Yana son jin muryar ɗansa kamar me, girman kai ne kawai ya hana shi danna lambar. Kwana uku bayan haka wayar ta yi ƙara ana tsakiyar darasi. Ya fita baranda ya ɗauka. Ba ya jin komai sai numfashi mai nauyi da ƙarar fanka. Ya jira, ya ƙara jira. Sai ransa ya ɓaci.

"In ba ka da abin faɗa, ni ina da aji," ya ce, ya kashe.

Saƙonni sun ci gaba da zuwa har wata huɗu, duk masu laushi. Yana karantawa, ba ya amsawa. Ran nan da hantsi surukar tasa ta kira da kanta tana kuka, ta ce ɗansa ya rasu.

Bayan an binne shi, Malam ya shiga ɗakin ɗan nasa. Ga keken guragu a jingine bayan ƙofa, ga kofi da tsinken shan ruwa a kan kujera, ga rigar aikin gareji a rataye, wankakkiya fes, alamar ta daɗe ba a sa ta ba. Surukar ta zauna a ƙasa kanta a sunkuye. Ta ce ciwon jijiyoyi ne, ya fara cinye hannuwansa, daga baya ya kama harshe. Shi ya hana a sanar da mahaifinsa, wai ba ya so a zo masa don tausayi.

"Saƙonnin nan fa, 'yata?"

"Ni na rubuta, Baba. Amma wallahi ko kalma ɗaya ban ƙara ba. Kunnena nake kaiwa bakinsa, wani saƙon sai mu yini a kansa. Ciwon ya sauya shi, ni kaina ban san yana da irin maganganun nan ba."

Malam ya dafa bango ya zauna a bakin gadon.

"Ranar da aka kira ni ina aji..."

"Shi ne. Da na karanta masa amsarka sai ya ce gaskiyarka ne. Kwana uku yana gwaji, ni ina riƙe masa kai."

"Me yake son ya ce?"

Ta share hawaye da bayan hannu.

"Baba kawai. Ya kusa fitar da ita ka kashe."