Amak Sahdan mai tantance fiffike

Shekara talatin da huɗu Amak Sahdan ya yi yana tantance fiffiken kifin shak a rumbun Haji Mustiadi, a nan gaɓar gabashin tsibirin Lombok. Rumfata ta kofi da soyayyar ayaba tana kallon ƙofar rumbun, don haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba, da idona na gani.

Shi bai taɓa fita teku ba, ko a kwale-kwale jiri yake yi. Aikinsa a kan tabarma ne. Jirage su dawo bayan mako uku, a yanke fiffike, a shanya, a zube masa a gaba. Ya ɗauki ɗaya, ya shafa da babban yatsa, ya jefa inda ya dace. Idonsa ya daɗe da yin rauni, amma hannun bai taɓa kuskure ba. Dillalan birnin Surabaya ba sa kwance buhun da ya ɗaure. Matarsa ta rasu. Ɗansa na fari Sahdan, wanda da sunansa muke ce wa tsohon Amak Sahdan, wato baban Sahdan, yana aikin gona a Malesiya, sai ya yi wata uku bai kira ba. Abin da ya rage wa tsohon shi ne rumbun nan da mutanen cikinsa.

Wata Talata ma'aikatan gwamnati biyu suka zo daga birni duba kaya, ɗauke da littafi mai hotuna. Akwai shak ɗin da aka hana fitar da fiffikensa, mai kan guduma. Ƙaramar cikinsu, wata mai gilashi, ta ɗauki fiffike ɗaya, ta juya shi, ta duba littafinta, ta ce wannan ba ya cikin waɗanda aka hana. Haji har ya miƙa takarda a buga masa hatimi.

Sai Amak Sahdan ya ja tsaki.

"'Yata, wa ya koya miki? Miƙo nan." Ya shafa. "Mai kan guduma ne wannan. Taɓa gindinsa ki ji. Buhu huɗun can ma duk shi ne."

Wallahi ba tona asiri ya yi niyya ba. Murmushi ma yake yi, yana jiran a yaba masa. Kunnensa ne kawai ya kasa jure a kira kifi da sunan wani kifi a gabansa.

Aka kwashe buhunan. Ma'aikatan suka ɗora wa tsohon hula mai hoton shak, suka ɗauki hoto da shi, suka shige mota. Ba su tambayi abin da zai same shi ba bayan ƙurarsu ta kwanta, kuma wannan har yau yana ci mini rai. Da yamma Haji ya sa aka naɗe tabarmarsa.

Daga nan in ya zo rumfata, sai bencin ya watse. Masu ƙarfin hali su tsaya tsokana.

"Kawu, shafa mana kofin nan, halal ne ko mai kan guduma?"

"Ku bar shi, babban ma'aikaci ne yanzu. Ba ku ga hula ba?"

Na ce musu, "Marasa kunya! Duk cikinku wa ya isa ya bambance fiffike da tafin ƙafarsa?" Suka yi dariya. Shi kuwa hura kofinsa kawai yake yi.

Abin da ya fi ƙona shi biki ne. Mu nan mutum uku ko huɗu ke zagaye tire ɗaya, kuma ba mai sa hannu sai sun cika. Walima biyu aka yi a watan nan, duka biyun tirensa shi kaɗai.

Ana saura kwana huɗu auren 'yar Haji, aka ji ma'aikatan za su dawo, kuma sun ce a nemo musu tsohon nan. Haji ya aiki mijina Jumadil wurin tsohon, da yake a jirgin Hajin yake aiki. Saƙon gajere ne: ya faɗi abin da ya kamata, tabarmarsa ta dawo, ranar biki kuma tire ɗaya za su ci da Haji.

Ranar da suka dawo, Amak Sahdan ya zo sanye da wankakken zanensa. Mai gilashin ta miƙa masa fiffike. "Baba, wannan fa?"

Ya daɗe yana shafawa. Na ga yatsansa ya tsaya, ya sake tafiya. Haji ya yi tari.

"Mai kan guduma ne," ya ce, murya can ƙasa. "Jariri ma. Da ina saurayi, irinsa daga gwiwar hannuna yake kaiwa yatsu. Wannan ko tafina bai cika ba. Me kuke so in ce?"

Ranar bikin ya je, don ba a korar mutum daga walima. Ya zauna gefen rumfar biki. Aka ajiye masa tire, shinkafa da miyar kututturen ayaba da nama. Ya wanke hannu, ya jira. Na ja Jumadil gefe, na ce ya je ya zauna da shi.

"Ke, rufa mini asiri," ya ce. "Jibi jirgin wa zan hau?"

Maza ɗari da wani abu, waɗanda duk suka san fiffiken nan ƙanƙancewa yake yi shekara bayan shekara, suka sunkuyar da kai suna ci. Amak Sahdan ya jira har na kusa da shi suka fara suɗe hannu. Sannan ya mayar da murfin tiren a hankali, bai taɓa ko ƙwayar shinkafa ba, ya nemi takalmansa.

Ina ɓangaren mata riƙe da ludayi, ina kallonsa har ya sha kwana. Duk bakin nan nawa, ni ma ban tashi ba.