Illa Mai Karkataccen Icce

Da an sallame asuba, Illa yakan ɗaure wa jakunansa kaya a tungarsu da ke tsakanin Affala da Tawa, ya saƙala gatari a kafaɗa, ya kamo hanya. Kafin hantsi ya shigo gari. Ba ya tallar baki. Ƙotar gatari yake bugawa a jikin itace, ƙwal, ƙwal, duk matar da ta ji ta san mai icce ya iso. Yana da wata ɗabi'a da muka daɗe muna yi masa tsiya a kanta: kafin ya yi sallama a gida, sai ya ɗaga kai ya dubi saman katanga tukuna. Mu muna cewa tsuntsaye yake ƙirga, ashe hayaƙi yake nema.

A shekarun nan da hanyar arewa ta lalace, motocin itace suka ɗauke ƙafa, ɗari kuma ya riƙa shiga har cikin ɓargo, Illa bai fasa zuwa ba. Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami a yau shi ne abin da ya yi wa Kadidiya, wata tsohuwa da ke ƙarshen unguwarmu. Ɗanta tilo ya yi arewa neman aiki, ba shi ba labarinsa. Maƙwabciyarta Salamatu ita ce shaida, daga bakinta na ji.

Illa ya lura itace yana shiga gidan Kadidiya, hayaƙi ba ya fitowa. Da abin ya dame shi, ya nemi izini ya shiga, Salamatu tana biye da shi. Ɗakin sanyi ƙalau kamar cikin randa. Kaskon wuta yana gefe, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa. A jikin bango kuwa ga itatuwan da yake kawowa a jere, a tsaye, an ɓare musu ɓawo fes, an datse su tsawo ɗaya. Tsohuwa tana lungu cikin bargo, haƙoranta suna haɗuwa.

"Inna, mi ya hana ki hura wuta?" in ji Illa.

"Wanga icce ba na wuta ba na, ɗana," ta ce. "Na kushewata na. Ban da mai zuwa daji shi saro mini ran da na kwanta."

Ta lallaɓa ta ɗauki guda, ta gwada shi a faɗin kafaɗunta, ta yi murmushi. "Ka ga wanga? Shi za a aza daidai kaina."

Nan Salamatu ta gane abin da ake ciki. Tsohuwar nan tana kashe kanta da sanyi don kada a rasa itacen da za a rufe kabarinta da shi. Illa bai yi mata wa'azi ba, bai kuma yi gardama ba. Ya sunkuyar da kai ya fita.

Zuwansa na gaba sai ga shi da kayan da ko makaho ba zai zaɓa ba: saiwoyi, kututtura masu ƙulli, rassa karkatattu kamar ƙafar kare. Kadidiya ta juya wannan, ta juya wancan, babu ko ɗaya da zai kwanta a kan kabari. Ranta ya ɓaci, ta ce ya raina ta.

"Ban raina ki ba, Inna," ya ce. "Wanga na wuta na. Na kushewa kuwa shina wuyana. Ran da Allah ya yi kiranki, in ina da rai, ni za ni kawo shi, miƙaƙƙe."

"Ka ɗauki alkawari?" ta ce.

"Na ɗauka."

Shi ya durƙusa ya hura wutar. Da ta kama, tsohuwa ta jawo itacen nan da ta ware wa kanta, ta tura shi cikin kasko da hannunta. Kafin ɗarin ya wuce ta ƙone sauran duka.

Kai ne, Illa, ka yi shekaru kana tonon saiwa a tsandauri alhali ga miƙaƙƙen itace a gabanka. Kai ne kake shan wahalar ɗaurin kayan da ba ya zama a bayan jaki. Muka laƙaba maka Mai Karkataccen Icce muna dariya, kai ma kana taya mu. Yau da na san dalili, kunya ce ke kama ni.

A ɗarin bara, Salamatu ta shiga da kunu da safe ta tarar Kadidiya ta cika. Garwashi yana nan ja a kasko. Ko salati ba ta gama ba, ba ta kuma sanar da kowa ba, sai ta ji ƙwal, ƙwal a ƙofar gida. Ta leƙa. Illa ne da jaki ɗaya tak, ɗauke da itatuwa miƙaƙƙu, ɓararru, tsawo ɗaya.

"Wa yag gaya maka?" ta tambaye shi.

"Ita. Jiya da la'asar na iske ta bakin ƙorama, zamne bisa kututture. Tac ce, Illa, gobe miƙaƙƙe."

Tun damina Kadidiya ba ta iya tsallake dokin ƙofa ba. A la'asar ɗin nan kuma Salamatu tana zaune kusa da ita, tana kallonta tana gyangyaɗi. Wasu sun ce mafarki ya yi a gindin itace, wasu sun ce kama ce ta ruɗe shi. Ni dai na tambaye shi sau ɗaya, ya dube ni ya kora jakunansa ya wuce, ban ƙara ba. Allah ne masani. Waɗanda suka shiga kabarin sun ce itacen ya rufe shi cif, bai gaza ba, bai yi saura ba.

Bana gwiwa ta ci amanar Illa, ya miƙa wa ƙanensa jakunan ya zauna. Mun gode, mai cika alkawari. Allah ya saka maka da alheri, ya sanyaya maka kamar yadda ka ɗumama mana ɗakuna. Jama'a, mu ma mu koyi ɗaga kai mu dubi katangar maƙwabci, in ba hayaƙi mu yi sallama mu shiga. Kai kuma, Illa, yanzu mu za mu riƙa kai maka itace har tunga, kuma karkatacce za mu ɗauro maka. Miƙaƙƙen ya jira tukuna.