Kwanon Da Ban Mayar Ba

Sallama gare ku masu wannan mujalla da duk wanda idonsa ya kai kan wannan takarda. Ni tsohuwa ce, ban san baƙi ba balle boko. Maƙwabciyata, malamar Islamiyyar matan aure, ita ce ta riƙe alƙalami, ni kuma ina faɗa ina share hawaye da bakin zane. Na roƙe ta kada ta gyara mini laifina, ta rubuta shi yadda na aikata shi.

Shekara arba'in da ɗoriya na yi a ɗakin mijina, a wani ƙauye can bayan 'Yankuzo. Ba masu arziki ba ne mu, amma rumbunmu uku ne, na gero da na dawa da ƙarami na wake, kuma ban taɓa ganin ƙasan ko ɗaya ba sai shekarun nan na baya. A unguwarmu ni aka sani da fura. Mai jego, mai ciwo, baƙon da ya sauka a masallaci, kowa ya sha ta hannuna. Tun ina amarya uwar mijina ta koya mini cewa kwanon mutane ba ya komawa gidansu wayam, kuma abin da za ka mayar kada ya gaza abin da aka kawo maka. Na riƙe wannan magana kamar karatun salla. Ban san wata rana ita za ta ɗaure ni ba.

Mijina ya rasu a shekara ta biyu da ɓarayin daji suka hana mu noman gonakin nesa. Ina fita takaba gari ya fara watsewa. Ɗana direba ne a tashar Gusau, ɗaki ɗaya gare shi da matarsa da 'ya'ya huɗu, duk da haka ya ce in zo mu matsu. Na ƙi. Na ce ba zan yi nisa da kabarin babansa ba, ya nema mini wuri a Tsafe, ko ba komai iskar gida za ta riƙa iso ni. Da ya zagaya da dillali sai ya tarar mutanen ƙauyuka sun riga sun cika ɗakunan cikin gari. Abin da ƙarfinsa ya kai shi ne wani ɗaki a gefen dutse, inda gidaje ke hawa bisa juna. A nan na fara sanin cewa a garin dutse, iya talaucinka iya hawanka. Masu hali suna ƙasa kusa da titi da famfo, mu kuwa muna sama tare da awaki.

Zaman haya wata duniya ce da ba a haife ni cikinta ba. Ɗaki shida ne a gidan, kowanne da kwaɗonsa. Da hantsi kowa ya kulle ya sauka neman abinci, sai ni kaɗai da ƙadangaru. Mai gidan ya ce ba a kiwon kaji, ba a daka a tsakar gida don siminti na fashewa, ba a kafa ƙusa a bango sai an tambaye shi. Ni da na shekara arba'in ina share gidan da yake nawa, sai ga ni ina neman izinin rataye faifai. 'Yan ga-ruwa ba sa turo kura har wurinmu, a ƙasa suke tsayawa, sai in sauka da ƙaramar jarka in hau da ita ina hutawa. Da bazara dutsen ya sha rana ya ƙoshi, sai ya yi ta huro mana zafi har bayan magariba. Amma duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne in wuni ba wanda ya ce mini ina gajiya. Akwai ranakun da ban ji muryata ba sai a cikin salla.

Bayan gidan akwai wani falalen dutse. In na yi la'asar nakan je in zauna a kai in fuskanci wajen gida, ko da yake ba abin da nake hange sai itatuwa da hayaƙi. Wata rana ina zaune sai na ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda a bayana. Wata tsohuwa ce, ta girme ni, 'yar siririya, tana saukowa da gefe da gefe kamar mai tsallaka rafi. Ta yi sallama ta zauna ba tare da na ce bismilla ba. Ta ce kwana goma ke nan tana hango ni daga ƙofarta ina kallon waje ɗaya, shi ne ta zo ta ji ko saurayi nake jira, in ya zo da aboki a tuna da ita. Wallahi tun rasuwar mijina ban yi dariya ba sai ranar. Ta ce ita daga wajen Bunguɗu take, shekararta uku a haya, ɗakinta na huɗu ke nan, kuma duk ƙaurar da ta yi sama take ƙara yi, in aka jima ma sai dai a neme ta cikin gajimare. Ban tambayi sunanta ba, don a wurinmu ba a tambayar sunan wadda ta girme ka. Na kira ta Yaya, ita kuma ta sa mini Amaryar Dutse.

Mun yi kamar sati uku muna haɗuwa a falalen nan. A cikin hirar ne bakina ya ja mini. Ina marmarin wani ya san ni ba haka nake ba, sai na yi ta ba ta labarin rumbunana uku, da irin geronmu, da furata da ake aikowa nema daga wata unguwa. Takan yi murmushi ta ce to Allah ya kai mu ranar da za ta sha, ita dai tun tasowarta da awo ta saba.

Wata Alhamis sai ga ta da kwano mai murfi, fari mai zanen ja, bakinsa ya ɗan ɓantare. Dambu ne da zogale, ya sha man gyaɗa da ƙuli. Ta ce jikarta ta aiko mata da tsaki, ta kasa haɗiye shi ita kaɗai. Da ta tafi na ci ina kuka, don rabona da abincin da wani ya dafa yana tunanina har na manta. Na wanke kwanon tas, na goge, sannan na waiwaya cikin ɗakina. Garin masara ne a ƙullin leda, da kuka, da gishiri. Na ce a raina, yanzu matar da ta cika wa mutane kunne da rumbu uku ita ce za ta mayar da tuwon masara ba ko man shanu? Sai na yanke cewa zan jira kaka. Ƙanin mijina ya tsaya a ƙauye yana noma ɗan gefen gonar da ke kusa da gari, ya kuma yi alkawarin aiko mini da gero. Na ce da furar geronmu kwanon nan zai koma, ko kada ya koma. Lokacin kuwa ko ruwan shuka ba a yi ba.

Washegari la'asar ta yi, na ɗauki mayafi, sai kunya ta riƙe mini ƙafa. Da wane ido zan dube ta, kwanonta na ɗakina? Na ce bari gobe. Gobe ta zama jibi. Sai na koma leƙen falalen ta kafar katanga, in gan ta zaune ita kaɗai, sandarta a kan cinya, tana waiwayen ƙofarmu.

Sau biyu ta sauko har gidan. Na farko na fito na ce mata zazzaɓi nake, ta yi mini sannu, ta ce in jiƙa sabara. Na biyun shi ne wanda ba zan manta ba har in shiga kabari. Da hantsi ne, gidan ba kowa. Na ji ƙwas-ƙwas ɗin sandarta tun daga nesa, sai na tura ƙofa na zauna a bakin gado na yi tsit. Ta yi sallama sau uku. Takalmana suna nan a bakin ƙofa, ta san ina ciki. Sai na ji ta yi 'yar dariya, ta ce Amaryar Dutse, in don kwano ne, ita ba kwano ta zo biɗa ba, in kawo shi da iska a ciki ma ta gode. Ta ɗan jira. Sannan ta ce, da wata murya da ba ta wasa ba, gwiwoyinta ba su da sauran saukowa da yawa. Hannuna ya kai kan sakata, wallahi ya kai. Amma na tuna ƙullin garin masara, na janye. Ina ji ta juya, sandar tana bugun dutse tana tsayawa, tana bugu tana tsayawa, har na daina ji.

Damina ta sauka. Wanda bai zauna a gefen dutse ba bai san ruwa ba. Dutse ba ya shan ruwa, duk abin da ya zubo a kansa mu yake turo wa. Ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, ya tsattsafo ta bango, hanya ta yi gansakuka ta koma santsi kamar an shafa kuɓewa. Na daina ganinta a falale, na ce ruwa ne ya hana ta. Har wani sauƙi na ji, Allah ya yafe mini.

Da kaka ɗana ya zo mini da tiya huɗu na geron gonarmu. Ranar ban zauna ba. Na ari turmi na fitar da shi waje kan dutse, na surfa, na wanke, na daka da citta da kanumfari da ɗan barkono, na dafa, na kirɓa, na sauka kasuwa da kaina na zaɓo nono mai kyau wurin Fulani. Na dama na cika kwanon har baki, na ɗora a ka, na kama hanya ina shirya irin tsiyar da zan yi mata.

Sai a ranar na san inda take zaune, don ban taɓa hawa ba, kullum ita ke saukowa. Hanyar ba hanya ba ce, tsagin dutse ne da ruwa ya ci. Sau biyar ina tsayawa ina haki, ni da na fi ta ƙarfi. A hutu na uku na fara jin tsoro, don na gane abin da matar nan take biya duk ranar da ta zo ta zauna kusa da ni.

Na tarar da labule sabo a ƙofar da aka nuna mini, da wata matashiya tana wanki. Ta ce ita wata biyu ke nan da kama ɗakin, ba ta san kowa ba. Matar ɗakin kusa ce ta fito, ta dubi kwanon da ke kaina, ta dube ni, ta ce ashe ke ce. Ta ce tsohuwa ta zame a tsakiyar damina garin ɗebo ruwa, ƙugunta ya goce. Ta yi sati uku a kwance, su kuma duk masu fita nema ne, sai da yamma suke leƙa ta. Takan sa a jawo mata tabarma bakin ƙofa don ta riƙa hango falalen nan na ƙasa. Sun ce za su kira mata ƙawar tata, ta hana. Ta ce a ƙyale ni, mai rumbu uku ce, wataƙila dambun masu awo bai yi mini ba, kuma ba a tilasta wa mutum zumunci. Daga baya bangon ɗakin ya tsage, mai gidan ya ce a fita zai gyara, wasu dangi suka zo suka sauke ta a kan ƙyaure suka sa a mota. Da za a fita da ita ta bar saƙo, in wata tsohuwa ta zo da farin kwano a ce mata ta bar mata shi halak malak, kada ya dame ta.

Nan na sauke kwanon daga kaina. Ni ina ɓuya don ina ganin ban kai ba, ita kuma ta tafi tana ganin ita ce ba ta kai ba. Furar nan ban san wanda ya sha ta ba.

Ɗana ya yi cigiya a tasha, ya tambayi direbobin Bunguɗu da na Mada. Kowa sai ya ce wace ce, 'yar gidan wa? Ni kuwa Yaya kaɗai na sani. A ƙauye ko akuya ta ɓata an san mai ita, amma ɗan haya in ya tashi, sai a share ɗaki a sa sabon kwaɗo, shi ke nan kamar ba a yi shi ba. Har yau ban sani ba ko tana raye. In tana raye, ina roƙon duk wanda ke da wata tsohuwa mai ciwon ƙugu da ta taɓa zama a saman dutsen Tsafe, ya karanta mata wannan. Ya ce mata dambunta ya fi duk abin da na ci a garin nan, kuma ranar nan ina ciki, ina jin ta.

'Yan'uwana mata, musamman ku da aka raba da gidajenku kuna zaune a ɗakunan mutane, al'adar da aka koya mana a gaban rumbu ba a yi ta don ta raba mu da mutane ba. Zumunci a ƙafa yake, ba a cikin kwano ba. A gida kana iya jiran kaka, don maƙwabcinka yana nan inda kakansa ya zauna. A haya ba a jira. Wanda ya ƙwanƙwasa ƙofarki yau, ki buɗe yau, ko da ruwan randa kaɗai gare ki.

Kwanon yana nan. Yanzu ba ya kwana biyu a ɗakina, yana zaga ɗakunan gidan nan da abin da ya samu, wata rana tuwon masara, wata rana 'yar gyaɗa, kuma ba wanda ya taɓa rainawa. Ta haka na san malamar da ke rubuta wannan. Har yanzu ina zuwa falalen in na yi la'asar, sai dai na daina fuskantar wajen gida. Dutsen nake fuskanta, ina sauraron ko zan ji sanda.