Ruwan Ɗumi a Jirgin Autanmu

Shekara goma sha ɗaya na yi ina riƙe da injin niƙan da Baba ya bari, don haka in ana zancen inji mai shan ruwa ba na jin nauyin sa baki a gaban kowa. Na san kukansa in yana lafiya, na san kukansa in yana jin ƙishirwa.

Irin wannan injin autanmu ya saya na hannu, aka ɗora masa a jirgin katako, aka haɗa farfela, aka kafa gangar ruwan sanyaya inji a bisa, da tiyo biyu, ɗaya na kai ruwa ɗaya na dawo da shi. Da damina in gulbi ya cika, mutanen ƙauyukanmu ba su da hanyar kasuwar Gummi sai jirgi. Ya fara da ƙafar dama, har Inna ta soma yi masa zancen aure. Sai injin ya tsiro da zafi. A cika ganga a wannan gaɓa, kafin a kai tsakiyar ruwa ta yi ƙasa, ƙauri ya tashi, dole a kashe a koma tuƙi da gora. Fasinja ba su da haƙuri, duk suka koma jirgin wani.

Bakanike biyu suka duba shi, kowanne a bakin gaɓa, inji a kashe ya huce. Na farko ya ce gaskit ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, aka canza, ba ta sake zani ba. Na biyu ya ce kan injin ya tsage, shi ke shanye ruwan, sai dai a kai wa masu sayen tsohon ƙarfe.

Ranar da na ga sabuwar diga jingine a zaure, na san inda aka dosa. Abokansa sun daɗe suna kiransa haƙar zinari wajen Anka. Mu kuwa mun san wannan ƙasa: ƙanwar Inna da ke aure can ta binne yara biyu saboda gubar dalma, ga ramin da kan rufta da mutane. Inna ta daina cin abincin kirki. Ni tsoro ya kama ni, kuma ni in na tsorata faɗa nake yi.

"Kai, kai ni in gani injin ga da idona," na ce masa.

"Yaya, mi za ki gani? Masu sana'a sun gama magana."

"Sun gan shi kwance. Ni ina son in gan shi shina aiki."

Ya yi dariyar da ta ba ni haushi, amma ya yarda, don ni na goye shi.

Da hantsi muka shiga, mu biyu kawai. Na nufi wurin da kowa ke gudu saboda ƙara, na zauna dab da inji. Gindin jirgi ba ya rabuwa da ruwa, kowa ya san haka, sai dai a yi ta kwarfewa da roba ana zagin kafinta. Shi kansa autan ya sha toshe katakon da tsumma da kwalta. Ni kuwa takalmina sabo ne, ba zan jiƙa shi ba, sai na tuɓe na riƙe a hannu na zura ƙafa tsakanin katakan shimfiɗa.

Da farko ruwan da sanyi. Muka ɗan yi nisa, inji ya ɗau zafi, sai na ji ɗumi yana bin tafin ƙafata, irin na ruwan wankan jariri. Na miƙa hannu waje na taɓa gulbi, sanyi ƙalau. Nan take na gane, har na ji raina ya yi fari.

"Rage wuta, kar ka kashe!" na ɗaga murya. "Tuɓe takalmin robar nan ka taka nan."

Ya taka. Ya dube ni.

"Ruwan gulbi na yin ɗumi?" na tambaye shi. "Wanga ruwan gangarka ne. Ba injin ka sha ba, zuba shikai, kuna kwarhewa kuna maida wa gulbi."

Muka ɗaga katako biyu. Ga tiyon ƙasa nan, dab da inda aka ɗaure shi da waya, ya tsage ta ciki inda ido ba ya kaiwa. In ya huce tsagar takan haɗe kamar ba komai, in ya yi zafi inji na girgiza sai ta buɗe baki. Muna kallo ruwa na tsartuwa siriri.

Da muka kai gaɓa muka jira ya huce. Na sa ya yanke wurin da ya tsage da wuƙa, muka tura lafiyayyen tiyon, na naɗe da robar tsohon tub ɗin taya kamar yadda nake yi wa nawa, ya matse da sabuwar waya. Wasu dattawa da ke jiran jirgi suna ta kallona, ɗaya har ya ce, "Ikon Allah, mace da gyaran inji." Na ce masa, "Baba, inji bai san mace ba, ruwa ya sani."

Sau huɗu muka haye muka dawo, ruwan ganga bai ragu ba. A na ƙarshe har da buhunan gero da babur biyu. Autan kuwa sai share fuska yake ta yi da hula, wai feshin ruwa ne.

Washegari ina cikin niƙa, gari ya rufe ni har gira, sai ga shi da digar nan a kafaɗa. Na ɗauka Anka zai tafi. Ya wuce ni ya jingine ta a lungun ɗakin inji.

"Yaya, aje min wagga," ya ce, ya juya ya tafi bakin gulbi.

Tana nan har yau, ko rami ɗaya ba ta haƙa ba. A kanta nake rataye rariya.